Koyon Aikin Asibiti a Birtaniya da Mas'alar Launin Fata

Duk wanda ya yi niyyar koyon aikin jinya a ƙasar Birtaniya, namiji ne ko mace, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ba za a rubuta sunansa a rajistar majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozomanci ba, wadda ake taƙaita sunanta da NMC, sai ya cika sa'o'i 4,600 na neman ilmi, rabinsu a jami'a gaban malamai da littattafai, ɗaya rabin kuwa, watau sa'o'i 2,300, a tsaye cikin ɗakunan majinyata, ko gidajen tsofaffi, ko unguwannin da ake bin marasa lafiya da magani har gida. Haka al'amarin yake, da saɓanin adadi, ga ɗalibar ungozoma, da mai koyon gashin ƙashi, da mai koyon ɗaukar hoton cikin jiki, da ɗalibin likita wanda shekarunsa na ƙarshe kusan dukansu a asibiti yake yin su. Wannan rabi na biyu shi ne abin bahasinmu, domin kuwa a cikinsa ne ake sanin makamar aiki, kuma a cikinsa ne, bisa ga abin da bincike ya yi ta tabbatarwa shekara da shekaru, ɗalibi baƙar fata ko ɗan asalin Asiya yake cin karo da abin da takwaransa Bature bai san da shi ba.

Kafin a yi maganar cuta, ya kamata a san ƙirar jikin da ta kama. Ɗalibin da aka tura koyon aiki yana tsakanin iyayengiji biyu ne: jami'a ce ta ɗauke shi, ita za ta ba shi digiri, amma ɗakin da yake wuni a cikinsa na hukumar lafiya ta ƙasa ne, watau NHS, kuma jami'a ba ta da iko a kan ko da mai sharar ɗakin, balle babbar sistar da ke raba aiki da safe. A ƙa'ida ba a lissafa ɗalibi cikin ma'aikatan da ke bakin aiki a ranar, don ya sami sararin kallo da tambaya da gwadawa. A zahiri kuwa, idan ma'aikata suka yi ƙaranci, kamar yadda suka saba yi, shi ake turawa gyaran gado da wankan majinyata daga safe har dare. Da can mutum ɗaya ne ke koya masa kuma ya hukunta shi. A shekarar 2018 majalisar NMC ta raba wannan nauyi uku: akwai masu lura da shi yau da kullum, akwai ma'aikaci guda da ke tantance ƙwarewarsa a wurin aiki, akwai kuma malami daga jami'a da ke duba abin da aka rubuta. Tsakanin su duka akwai wani littafi, na takarda ko na kwamfuta, wanda aka jera a cikinsa duk abin da ake so ɗalibi ya iya, daga awon jini da yin allura da lissafin magani har zuwa ladabi da iya magana da majinyaci, kuma kowane layi sai an sa masa hannu.

Wanda ya san yadda ake karatu a zaure ba zai rasa gane wannan tsari ba, gama almajiri ko ya haddace littafi daga bango zuwa bango, ba ya zama abin dogaro sai malami ya ji karatunsa da kunnensa ya ba shi ijaza. Sai dai shi almajiri yakan zaɓi malaminsa, idan jininsu bai haɗu ba ya naɗe buzunsa ya nufi wani gari, alhali ɗalibin asibiti tura shi ake yi, bai san hannun wa zai faɗa ba sai ranar da ya isa, kuma idan ya fāɗi a wurin sau biyu, galibi karatun nasa ya ƙare ke nan. Daga nan mas'alar take tasowa. Abin da nake so in tabbatar a wannan sharhi shi ne, wariyar launin fata a koyon aikin asibiti ba ta samun ƙarfinta daga mugun halin wasu tsirarun mutane kaɗai. Tana samunsa ne daga kasancewar wanda zai iya zaluntar ɗalibi, ko wanda ya ga an zalunce shi ya kau da kai, shi ne kuma riƙe da alƙalamin da makomar ɗalibin ta rataya a kansa.

Al'amarin yana da tsohon asali. An kafa NHS ranar 5 ga Yuli, 1948, makonni biyu kacal bayan jirgin ruwan nan mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen tsibiran Karibiyan a tashar Tilbury, kuma ba a daɗe ba sabuwar hukumar ta ga cewa 'yan ƙasa ba za su ishe ta ba, ta shiga neman 'yan mata daga Jamaika da Barbados da Ailan da Malesiya da Afirka ta Yamma don su zo su koyi jinya. A wancan zamani hanyar karatun biyu ce: akwai ta shekara uku mai kai mutum ga cikakkiyar rajista da muƙami, akwai ta shekara biyu wadda mai ita ke dawwama a ƙarƙashin wasu, ba girma, kuma shaidarta ba ta da wata daraja idan aka koma gida. Da yawa daga cikin baƙaƙen 'yan matan nan an karkata su zuwa ta biyun, wasunsu ba su ma san akwai bambanci ba sai bayan da bakin alƙalami ya bushe. Akwai waɗanda suka tsallake wannan tarko, kamar Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, wadda ta shiga makarantar Nightingale ta asibitin St Thomas a Landan a 1946, ake kuma ambatonta a matsayin baƙar fata ta farko da ta yi aikin jinya a NHS, daga baya ta komo gida ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa na Ibadan a 1964. Amma ficen mutum ɗaya ba ya shafe abin da aka yi wa dubbai.

Akwai wani labari da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi kowace hujja bayyana yadda son zuciya ke shiga cikin tsari har ya daina kama da son zuciya. A makarantar likitoci ta St George's da ke Landan, wani malami ya ga wahalar da ake sha wajen tace takardun masu neman shiga, sai ya rubuta wa kwamfuta ƙa'idojin da za ta bi ta yi aikin, kuma ya yi ta gyara su har hukuncinta ya dace da hukuncin malaman da suka saba yin tacewar. A 1986 malamai biyu na makarantar, Aggrey Burke da Joe Collier, suka gano cewa na'urar tana rage wa mutum maki idan mace ce, ko idan sunansa bai yi kama da na Turawa ba, suka kai ƙara ga hukumar yaƙi da wariyar launin fata, wadda rahotonta na 1988 ya nuna cewa kimanin mutum 60 a kowace shekara ake hana su ko da zuwa ganawa saboda wannan dalili. Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta ƙirƙiri kome ba. Ta kwaikwayi malaman ne, ta rubuta a fili abin da suka daɗe suna yi a ɓoye, wataƙila ma a ɓoye ga kawunansu. Bayan shekara biyar, a 1993, likitoci biyu, Aneez Esmail da Sam Everington, suka aika wa asibitoci takardun neman aiki iri ɗaya, wasu da sunan Turawa, wasu da sunan mutanen Asiya, suka tarar ana kiran mai sunan Bature ninki biyu. Ladan da suka fara samu kuwa shi ne 'yan sanda suka kama su bisa zargin zamba, ko da yake maganar ba ta je ko'ina ba.

To, yau fa? Mu ɗauki misalin ɗaliba a shekararta ta biyu, a ɗakin tsofaffi, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, an gama miƙa aiki daga masu kwana zuwa masu wuni. Ta turo keken awo zuwa gadon wani dattijo, ta gaishe shi, ta miƙa hannu za ta ɗaura masa abin awon jini, sai ya janye damtsensa ya ce shi ba ya so irinta su taɓa shi, a kira masa Baturiya. Majinyata uku na ji, ma'aikaciya ɗaya na ji. Abin da ya fi yawan faruwa a nan shi ne a ce mata, cikin murya mai taushi, kada ta sa abin a ranta, tsoho ne kuma ba shi da lafiya, ta je ta kula da gado na gaba. An kashe wutar, aiki ya ci gaba, amma an koya wa kowa darasi: majinyacin ya ga buƙatarsa ta biya, ɗalibar kuwa ta gane cewa mutuncinta shi ne abu mafi araha a ɗakin. Ba na cewa mas'alar mai sauƙi ce. Wanda tsufa ya taɓa hankalinsa, ko zafin ciwo ya gusar da tunaninsa, alƙalami ya sauka daga kansa, kuma ba a hana mai neman ceto magani don ya yi zagi. Amma tun watan Afrilu na 2020 an bai wa asibitocin Ingila izinin ƙin yin maganin da ba na gaggawa ba ga mai hankalin da ya ci mutuncin ma'aikaci saboda launinsa, kuma tsakanin korar majinyaci da yin shiru akwai fili mai faɗi: babbar sista ta zo da kanta ta gaya masa cewa ba a yin haka a nan, a rubuta abin da ya faru, a tambayi ɗalibar ko tana so ta ci gaba da shi ko a canja mata.

Wannan shi ne nau'in da ake gani da ido, kuma shi ne mafi sauƙin magani. Wanda ya fi illa ba shi da ƙara. Shi ne a yi mako shida ba a koyi faɗin sunan ɗalibi daidai ba, ko a riƙa kiransa da sunan wani baƙin da ba su ko yi kama ba; shi ne idan za a yi wani aiki mai wuyar samu, kamar sa robar fitsari ko canja ƙullin babban rauni, a kira wance ta zo ta gani, a bar wance tana raba shayi; shi ne a rubuta wa ɗaya cewa tana da ƙarfin hali, a rubuta wa ɗayar, a kan ɗabi'a iri ɗaya, cewa tana da tsaurin ido; shi ne a mai da lafazin mutum ya zama aibi a layin iya magana, ko a ɗauki sunkuyar da kai gaban babba, wanda a gidajensu ladabi ne, a matsayin rashin himma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, idan aka ware shi, ba ya isa ƙara, kuma mai yin sa zai rantse bai nufi kome ba, wataƙila ma da gaskiyarsa. Sai an tara su ake ganin ɗalibai biyu sun yi sa'o'i iri ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗaya ta fito da ilmi, ɗaya ta fito da gajiya.

Akwai dalili mai ƙarfi da ke nuna cewa a nan ne ɓarnar take. A 2011 Katherine Woolf da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a kan fiye da mutum 23,000, ɗaliban likita da likitoci masu neman ƙwarewa waɗanda duk a Birtaniya suka yi karatu, suka tarar waɗanda ba Turawa ba suna baya a sakamakon jarrabawa, kuma wannan rata tana nan har a jarrabawar da na'ura ke dubawa, wadda ba ta ganin fuska ba ta jin lafazi. Wasu sun so su kafa hujja da wannan cewa ashe ba wariya ba ce. Ni kuwa ina ganin akasin haka ya nuna: idan ratar ba daga mai duba jarrabawa take ba, kuma ɗaliban sun shigo da cancantar da aka yarda da ita, to lalle a nemi sababinta a cikin shekarun da suka gabaci ranar jarrabawa, watau wa aka ja a jiki, wa aka yi wa bayani a bakin gado, wa aka gyara wa kuskure tun yana ƙarami.

Mai karatu zai ce, to me ya hana su kai ƙara? A watan Fabrairu na 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta tambayi makarantun likitoci 40 na ƙasar. 32 suka amsa, rabinsu ne kaɗai ke ajiye lissafin ƙorafin wariyar launin fata, kuma jimillar abin da suka rubuta tun daga 2010 ƙorafi 11 ne. Babu mai hankalin da zai karanta wannan adadi ya ce alhamdu lillahi, cutar ta warke. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da shi ne abokin husuma a cikinta, kuma ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan wanda yake ƙi. Amma ɗalibin asibiti ana so ya kai kukansa ga ɗakin da zai koma gobe da safe, gaban mutanen da suka shekara goma suna shan shayi tare, sa'an nan ya miƙa musu littafinsa su sa hannu. Jami'a kuma, wadda ita ce uwarsa, tana da nata tsoron, domin guraben koyon aiki sun yi ƙaranci, kuma asibitin da aka ɓata wa rai yana iya cewa baɗi ba shi da wuri. Saboda haka nasihar da ɗalibai ke yi wa junansu ita ce a yi haƙuri, a sunkuyar da kai, a sami sa hannu, a wuce.

Abin da aka shuka a lokacin ɗalibta shi ake girba bayan an fara aiki. Rahoton da majalisar likitoci ta GMC ta sa Roger Kline da Doyin Atewologun suka rubuta a 2019 ya nuna cewa asibitoci na kai ƙarar likitocin da ba Turawa ba gaban majalisar ninki biyu na yadda suke kai Turawa, kuma daga cikin dalilan da suka gano akwai wanda ya kamata duk mai koyarwa ya riƙe: shugabanni kan ji nauyin gaya wa wanda ba jinsinsu ba kuskurensa da wuri, sai su yi shiru har ƙaramin abu ya girma ya zama na hukunci. Ke nan shiru ma zalunci ne, ko da an yi shi da sunan kunya. Masu karatu da yawa za su tuna da Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya, wadda take cikin horon ƙwarewa a kan cututtukan yara a asibitin Leicester sa'ad da wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a hannunta a watan Fabrairu na 2011, a ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, kwamfutar sakamakon gwaji ta lalace, ita kuma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2015, aka soke sunanta daga rajista a Janairun 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta warware sokewar a watan Agusta na shekarar. An yi kurakurai a ranar, iyaye sun rasa ɗansu, kuma babu kotun da ta ce launin fata ne ya jawo hukuncin. Amma dubban likitoci sun tambaya a fili ko da wani ne a matsayinta da shi kaɗai za a ɗora wa nauyin rana irin wannan. Ita kanta majalisar NMC ba ta tsira ba, domin binciken da Nazir Afzal ya jagoranta, wanda ya fito a Yulin 2024, ya tarar da cin zali da wariyar launin fata a cikin ofishinta.

Ga ɗaliba Musulma akwai ƙarin wata mas'ala ta sutura. Tun 2007 aka kafa ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwa zuwa yatsu don tsabta, kuma ɗakin tiyata yana da nasa sharuɗɗa a kan abin da ake rufe kai da shi, har wasu ɗalibai suka riƙa guje wa fannin tiyata dungurungum don kada a sa su cire hijabi gaban jama'a. A ƙarshen 2019 asibitin Royal Derby ya fara samar da hijabin da ake sawa sau ɗaya a yar, bisa shawarar wata matashiyar likita, Farah Roslan, wadda ta sha wannan damuwa tun tana ɗaliba, kuma ƙa'idar suturar NHS ta 2020 ta yarda da rufe kai a ɗakin tiyata. Magani ne mai arha, wanda ya nuna cewa da yawa daga abin da ake kira rikicin addini da kimiyya rashin tambaya ne kawai.

Kada kuma a zaci maslahar ɗalibai kaɗai ake nema. Ɗalibin da aka koya wa cewa alamar ƙarancin iska a jini ita ce leɓe ya yi shuɗi, alamar kumburi kuma fata ta yi ja, an koya masa duba rabin mutane ne. Wani ɗalibin likita haifaffen Zimbabuwe, Malone Mukwende, ya gaji da tambayar yadda waɗannan alamu suke a baƙar fata ba ya samun amsa, sai shi da malamansa biyu suka wallafa ɗan littafi mai hotuna a 2020. Abin mamaki kuwa, a makarantar St George's ɗin nan yake karatu a lokacin, mai tsohuwar kwamfuta. A watan Disamba na shekarar masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa, mai haska jan haske ta nuna adadin iskar da ke jininsa, tana kasa gano ƙarancin iska a baƙar fata kusan ninki uku na yadda take kasawa a farar fata, kuma wannan a tsakiyar annobar korona, lokacin da lambar da ta nuna ke raba wanda za a kwantar da wanda za a sallama. Rahoton mace-macen masu juna biyu na 2018 ya nuna baƙar mace a Birtaniya ta fi Baturiya haɗarin mutuwa wajen ciki da haihuwa ninki biyar. Ratar ta ragu daga baya, amma ba ta gushe ba. Ɗalibar ungozoma da ta ga ana yi wa kukan wata mai naƙuda riƙon sakainar kashi, ba wanda ya ce uffan, ta koyi wani abu da babu shi a manhaja.

Sai maganar kuɗi, wadda masu wa'azin gyaran hali ba su cika son a tayar ba. A 2017 gwamnati ta soke tallafin da ke ɗauke wa ɗaliban jinya na Ingila kuɗin makaranta, suka koma cin bashi kamar sauran ɗalibai, alhali su ba su da sararin yin aikin neman kuɗi sosai saboda kwanan asibiti; a 2020 aka dawo da wani tallafi na fam 5,000 a shekara. Kuɗin mota da na masauki, idan an tura ɗalibi nesa, shi zai fara biya daga aljihunsa kafin a mayar masa. Wannan nauyi ya fi danne wanda ba shi da gata, da uwar 'ya'ya da ta shiga karatu da girmanta, kuma irin waɗannan suna da yawa cikin ɗalibai 'yan asalin Afirka. Haka kuma abin da ake biyan asibiti don ya karɓi ɗalibi bai daidaita ba: a 2022 kimanin fam 5,000 ne a shekara kan ɗalibin jinya, sama da fam 30,000 kan ɗalibin likita. A kan wannan hali ne shirin ma'aikata na NHS na watan Yuni, 2023, ya yi alkawarin ninka guraben karatun likita zuwa 15,000 da ƙara na jinya ƙwarai, ba tare da ɗakunan majinyata sun ƙara faɗi ko masu koyarwa sun ƙara yawa ba. Ma'aikaciyar da ke riƙe da majinyata goma ita kaɗai, aka kuma haɗa ta da ɗalibai biyu, ba ta da lokacin yin adalci ko da tana so. Za ta jawo wadda ta fi saurin fahimtar barkwancinta, ta bar ɗayar. Gaggawa ita ce babbar ƙawar son zuciya.

Me aka yi, kuma me ya yi amfani? An rubuta alkawura da yawa. Akwai ma'aunin daidaiton ma'aikata da NHS ta fara a 2015 bayan rahoton Roger Kline na 2014 a kan yadda manyan kujeru suka zama na Turawa zalla. Akwai yarjejeniyar ƙungiyar likitoci ta BMA ga makarantu a 2020. Akwai cibiyar sa ido kan launin fata da lafiya da aka kafa bayan annobar ta nuna wa kowa waɗanda suka fi mutuwa cikin ma'aikata, irin su Dakta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi, wanda ya rasu a ƙarshen Maris na 2020. Akwai kuma tarurrukan wayar da kai na rabin wuni, waɗanda a ganina su ne mafi ƙarancin fa'ida, domin wanda ya fi bukatarsu shi ne ya fi iya zama a cikinsu ya fito yadda ya shiga. Abin da nake ganin yana da tasiri ya fi wannan gundura. Na farko lissafi ne: kowace jami'a ta san, ɗaki ɗaki, su wa ake kayarwa, su wa ake sa wa shirin gyara, su wa ke barin karatu bayan sun je wani wuri, a rarrabe bisa asali, ta kuma zauna da asibitin a duba tare, domin abin da ba ya isa ƙara a kan mutum ɗaya yana fitowa sarari a kan mutum ɗari. Bayansa sai raba ƙorafi da sa hannu, ta yadda ɗalibin da ya yi magana za a canja masa mai tantancewa ko wuri nan take, ba tare da sa'o'in da ya tara sun zube ba, kuma wanda zai saurare shi ba ɗan ɗakin ba ne. Sa'an nan a ware wa masu koyarwa lokaci a cikin jadawalin aiki, a rubuce, a biya. Akwai wani tsari da aka aro daga Amsterdam aka fara gwadawa a yankin Norfolk tare da jami'ar East Anglia, inda ake ba ƙungiyar ɗalibai majinyata su kula da su tare, ma'aikaci ɗaya ya tsaya a bayansu yana tambaya maimakon ba da umarni; ban da ƙara gurabe, yana rage kaɗaicin ɗalibi a hannun mutum guda, kuma abin da aka yi a gaban shaidu ya fi wuyar musu.

Akwai masu tsoron cewa duk wannan zai sa a ji nauyin kayar da wanda bai cancanta ba, kuma tsoron nasu yana da asali, domin tun 2003 binciken Kathleen Duffy ya nuna masu koyarwa kan tsallakar da ɗalibin da ya kamata ya fāɗi don gudun rigima. Rayukan mutane ake magana, ba a sassauci a nan. Amma wanda ya rubuta dalilinsa, ya gaya wa ɗalibi kuskurensa a mako na biyu maimakon ranar ƙarshe, ya ba shi damar gyarawa a gaban wani mai tantancewa na dabam, shi ne wanda hukuncinsa zai tsaya idan an ɗaukaka ƙara. Haka nan izinin da NMC ta bayar a 2023, na a yi har sa'o'i 600 daga cikin 2,300 ɗin a ɗakin gwaji da mutum-mutumi da masu kwaikwayon ciwo, yana da amfani wajen tabbatar da kowa ya taɓa kowane aiki, kuma wuri ne mai kyau na gwada abin da za a ce wa majinyacin da ya janye damtsensa. Sai dai ba zai gyara ɗakin da ɗalibi zai koma ba.

Saura wata fuska da ta shafe mu kai tsaye. Najeriya na cikin ƙasashe uku da suka fi tura ma'aikatan jinya Birtaniya a 'yan shekarun nan, bayan Indiya da Filifin, duk da cewa tana cikin jerin ƙasashen da hukumar lafiya ta duniya ta ce kada a je ɗibar ma'aikatansu, kuma 'ya'yan waɗanda suka riga su zuwa su ne ke cika azuzuwan jinya a Landan da Birmingham da Manchester. Fiye da rubu'in ma'aikatan NHS a Ingila yanzu ba Turawa ba ne, amma sun taru a matakan ƙasa, kuma lissafin hukumar da kanta ya yi ta nuna, shekara bayan shekara, cewa idan an kai matakin ganawa Bature ya fi samun aikin da kusan ninki ɗaya da rabi. Ma'aikaciyar da ta yi shekara goma tana karɓar haihuwa a Kano ko Zariya kafin ta tafi, ta san yadda rashin jini yake a tafin hannun baƙar mace tun kafin sakamakon gwaji ya fito, kuma ilmin da ɗaliban ɗakinta ke nema yana wurinta. Amma ko za a tura ta horon zama mai tantance ɗalibai, ko za a bar ta a kwanan dare shekara biyar, shugabar ɗakin ce ke yanke wannan, kuma da wuya a sami mai tambayarta bisa wane ma'auni ta zaɓa.